Ƙaguwar Da Wendell Ya Gasa Wa Babana

Jama'a, ku bari in samu wuri in zauna tukuna. Masu turo mini saƙo kuna cewa "Noelie, yaya aka ƙare ranar Lahadi? Baba ya amince?" ku yafe mini shirun da na yi. Ba jan aji ba ne. Bakina ne ya mutu.

Ke da kika shigo yau, ni ce Noelie Pitre, 'yar Alcide Pitre mai kamun ƙaguwa a Dulac, can ƙasan Louisiana inda titi yake ƙarewa fadama ta ɗauka. Mu biyu ne a wurin iyayenmu, ni da yayana Clovis. Ina aiki a Houma, a wurin wani likitan haƙori, kuma a can na haɗu da Wendell Tarpley, malamin lissafi, ɗan Shreveport. Laifinsa ɗaya a idon gidanmu: a tudu aka haife shi. Mama kuwa tun ina makarantar sakandare ta ajiye mini Dalton, ɗan Mista Verret mai mashigin kwalekwale inda Baba yake sayar da ƙaguwarsa. Kullum waƙar ɗaya ce. "Dalton ya san ruwa, Dalton ya san mu, Dalton ya gaishe ni a coci." Ni dai abin da na sani game da Dalton shi ne yana tauna abinci baki buɗe.

To a danginmu akwai wata ƙa'ida tun zamanin kakana. Duk namijin da yake son 'yar gidan Pitre, sai ya shiga ruwa shi kaɗai, ya kamo abin da zai ciyar da mu, ya zo ya gasa shi a gaban dangi. In uban yarinya ya ci ya ce a ƙaro, magana ta ƙare. In ya ci ya goge baki ya ce an gode, to ka nemi hularka. Haka aka yi wa mijin Tante Eula, wato Gwaggo Eula, ƙanwar Baba, haka aka yi wa duk wanda ya auri mace daga gidan nan.

Wendell kuwa, Allah sarki, mutumin da ko a kwamin wanka sai ya riƙe gefe.

Ranar Asabar da yamma ya turo mini saƙo.

"Na sayi wuyan kaza da zare. An ce ƙaguwa na son wuyan kaza. Haka ne?"

Na ce, "Haka ne. Amma da zare za ka ciyar da dangina gaba ɗaya?"

"Su nawa ne?"

"Kar ka tambaya."

Ya turo hoton fuska mai gumi. Na yi dariya. Na tashi na sami Clovis a ƙarƙashin gida yana wanke injin kwalekwalensa. Gidanmu a kan dogayen ginshiƙai yake saboda ambaliya, ƙarƙashin nan ne falonmu na gaskiya, nan ake girki, nan ake faɗa, nan ake shiryawa.

Na ce, "Clovis, don girman Allah gobe ka raka shi."

"In raka wa? Farfesa?" Haka yake kiran Wendell. "Ke ba ki san ƙa'ida ba? Shi kaɗai aka ce."

"Kai ma ka san in ya tafi shi kaɗai sai an haɗa da jirgin sama wajen nemo shi."

Ya fashe da dariya har da dukan cinya. "To shi kenan. Amma ki ja masa kunne, ya ce aron kwalekwale ya yi a Houma, shi kaɗai ya fita. In Baba ya ji da hannuna a ciki, daga ni har ke mun kaɗe."

Na rungume shi, yana ture ni yana cewa zan shafa masa turare. Har cikin raina na ce ba wanda ya kai ni dacen ɗan'uwa.

Akwai wani abu da ya kamata ku sani kafin mu shiga Lahadi. Tun shigowar zafi wani yake bin tarkunan Baba yana kwashe masa ƙaguwa. Tarkon ƙaguwa keji ne na waya da ake nutsarwa ƙasan ruwa, a ɗaure da igiya, a saman igiyar kuma akwai ƙwallon da ke yawo a kan ruwa. Kowane mai kamu da launin fentinsa. Na Baba ruwan ɗorawa ne da jan layi a tsakiya, ko yaron goye a Dulac ya san shi. A wurinmu gara ka shiga ɗakin mutum ka ɗauki talabijin ɗinsa da ka ɗaga masa tarko. Wanda aka kama da wannan, ba mai sake sayar masa da ƙanƙara, ba mai sayen kamunsa, in injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa sai dai a wuce shi a ɗaga masa hannu. Har jikokinsa sai an riƙa nuna su. Baba ba ya fita ruwa ranar Lahadi, kuma duk Litinin sai ya tarar da rabin tarkunansa wayam. Ya rame, barci ya gagare shi, ya rantse a gaban Mama cewa ranar da ya ga ɓarawon nan sai dai wani ba shi ba.

Lahadi bayan an taso daga coci na saka shuɗiyar rigata mai ɗigon fari, wadda Wendell ya ce tana sa shi manta lissafi. Na ɗaure gashina sama saboda zafi, na maƙala 'yan kunnen azurfa na kakata. Mama ta leƙo ɗaki, ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Duk wannan kwalliyar don mai wuyan kaza?"

"Mama!"

"Ni ban ce komai ba. Na dai gayyaci Mista Verret. Ya zo ya ci abinci."

"Mama, me ya kawo baban Dalton cikin wannan magana?"

"Maƙwabci ne. Ko an hana maƙwabci cin kifi?"

Ta juya tana gyara zaman rigarta mai furanni. Na bi bayanta da harara, don gabanta ban isa ba.

A ƙasa an riga an jera dogayen tebura an shimfiɗe su da tsofaffin jaridu. Fanka biyu na ta kaɗa iska mai zafi. Baba yana wajen gangar bandarsa, wadda ya ƙera da hannunsa daga tsohuwar tukunyar gas, yana cusa mata itacen pekan. Hayaƙin nan mai zaƙi-zaƙi ya riga ya cika unguwa. Gefe guda ragar waya ce ta gasa nama, gawayin ƙarƙashinta ya yi fari. Dangi sun cika wuri, yara na guje-guje tsakanin ginshiƙai, wani kawuna ya kunna rediyo ana ta kiɗan akodiyon. Tante Eula ta kafa kujerarta daidai inda ba abin da zai wuce ta, da mafici a hannu. Mista Verret ma ya iso da farar hularsa, ya zauna kusa da Mama kamar dama shi ne surukin.

Sai ga motar Wendell. Ya fito fuska jajir saboda rana, sanye da fararen takalman roba sababbi ƙal, irin na masunta. Tante Eula, mai kiran kowa "sha", wato abin ƙauna a yarenmu, ta kai mafici baki.

"Wayyo, sha, dubi takalmin! Ko laka ba ta gaisa da shi ba!"

Aka kwashe da dariya. Wendell ya yi murmushi, ya gaida Baba, "Barka da rana, Mista Alcide," ya gaida Mama, "Mis Verna," sannan ya roƙi samari biyu su taya shi sauke kula. Da aka buɗe murfin, dariyar ta ɗauke ɗif.

Jama'a, ƙaguwa ce maƙil. Manya, maza, masu shuɗin hannu, kowace ta fi tafin hannun Baba faɗi, kwance cikin ƙanƙara. A samansu jan kifi guda biyu. Ni kaina sai da na dafe ƙirji.

Baba ya ɗauki ɗaya ya auna nauyinta a hannu, ya matsa cikinta da babban yatsa. "Cike take," ya ce. "Kai ka kamo wannan?"

"Ni ne, Mista Alcide."

"Kai kaɗai?"

Wendell ya sauke ido kan kular. "Ni kaɗai. Aron kwalekwale na yi a Houma."

Na saci kallon Clovis. Yana jingine da ginshiƙi, kwalba a hannu, ya kashe mini ido ɗaya.

Daga nan aka shiga aiki. Makonni na yi ina koya wa Wendell a bayan gidan da yake haya, kuma wallahi bai ba ni kunya ba. Ƙanƙara ta riga ta kwantar da ƙaguwar, don haka ba wadda ta yar da hannu. Ya ɓalle ɓawon bayan kowace, ya cire huhun da datti, ya ɗauraye, ya barbaɗe su da haɗin barkono da tafarnuwa da gishiri har sai da suka yi ja. Rabi ya jera a kan waya, ciki sama. Rabi ya miƙa wa Baba aka zura cikin gangar banda. Ya narka bota a ƙaramar tukunyar ƙarfe, ya matse lemun tsami a ciki, ya riƙa shafa musu da burushi. Duk ɗigon da ya faɗa kan gawayi sai wuta ta yi tsalle, yara su yi ihu.

Kifin kuma ya tsaga shi biyu ya bar ɓawon a jiki, ya kwantar da shi ɓawo ƙasa, yadda muke yi. Can na ga ya ɗauko cokalin juyi yana nufar kifin.

Tante Eula ta zabura daga kujera. "Kai! Kai! Ɗan tudu! Ajiye cokalin nan! Wa ya ce maka ana juya shi? Ɓawon nan shi ne farantinsa!"

"Dubawa kawai zan yi, Tante."

"Duba da ido! Kuma wa ya ba ka izinin ce mini Tante? Sai Alcide ya ce a ƙaro tukuna."

Har Baba sai da ya murmusa. Shi yana gefe da buhun kawa, 'yan halittun ruwan nan masu ɓawo biyu, yana ɓare su da 'yar wuƙarsa, yana jerawa a kan waya, yana zuba musu bota da cuku. Ya matsa wa Wendell wuri a bakin wuta, kafaɗa da kafaɗa. Ban taɓa ganin Baba ya matsa wa wani a bakin wutarsa ba, ko Clovis.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Wendell ne, daga inda yake tsaye, da hannu ɗaya.

"Ina ci ko ina faɗuwa?"

"Kana ci. Goge goshinka, barkono ne."

Aka juye komai a kan jarida. Ƙaguwar waya ta yi ja da baƙi-baƙi a gefe, ta banda ta fito launin zuma tana ƙamshin hayaƙi. Aka yi addu'a. Ba wanda ya kai hannu, kowa Baba yake kallo. Ya ɗauki ɗaya ta banda, ya karya ta biyu, ya zaro farin naman da yatsa, ya kai baki. Ya tauna a hankali, mutumin nan, kamar da gangan yake ja mini rai. Ya tsotse hannun ƙaguwar. Ya tsotse yatsunsa. Ni dai na kafe shi da ido.

Sai ya tura ɓawon gefe ya ce, "Ƙaro."

Wayyo daɗi! Tante Eula ta rangaɗa ihu ta jefa mafici sama. 'Yan'uwana mata suka yo kaina. Kawu ya ƙure rediyo. Ina kuka ina dariya, kwalliyar idona duk ta zubo. Mama ta taɓe baki amma ta tashi ta sumbaci Wendell a kumatu, Mista Verret kuma ya miƙa masa hannu, fuska ba yabo ba fallasa. Na ce a raina, shi kenan Noelie, kin tsallake.

Da a nan aka tsaya.

Ana cikin ci Tante Eula ta jawo Wendell kusa da ita. "Zo nan, sha, yanzu ka zama namu. Faɗa mini, ina ka samo waɗannan ƙattin? Mijina shekara da shekaru yana ruwa bai taɓa kawo mini irinsu ba. Ba ka ɗauki hoto ba? Ku 'yan birni ko tari za ku yi sai kun ɗauka."

Wendell, cikin farin ciki, ya goge hannu a wando ya ciro waya. "Akwai, Tante. Ga shi."

Ta kanne ido, ba ta sa tabarau ba. "Oho, dubi yadda yake washe baki!" Ta miƙa wa ta kusa da ita, waccan ta miƙa gaba, ana dariya, har wayar ta isa hannun Mista Verret. Ya kalla. Ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton. Ya daina tauna.

"Alcide," ya ce. "Zo ka ga wani abu."

Yadda ya faɗa ne ya sa kowa ya ɗago. Baba ya karɓi wayar. Na zagaya bayansa na leƙa.

Wendell ne tsaye cikin kwalekwale, yana dariya har kunne, ya ɗaga tarko cike da ƙaguwa da hannu biyu. A ƙafarsa igiya ce a naɗe, a ƙarshen igiyar kuma ƙwallo. Ruwan ɗorawa, da jan layi a tsakiya.

Wani ya kashe rediyo. Ba abin da ake ji sai fanka da tsartsar bota a kan gawayi.

Baba ya ɗago a hankali. "Tarkon wa ka ɗaga?"

Wendell ya dube shi, ya dube ni, murmushinsa bai gama sauka ba. "Tarko ne dai, Mista Alcide. An ce mini..."

"Wa ya ce maka? Ba kai kaɗai ka fita ba?"

Mista Verret ya nuna allon wayar da ɓawon ƙaguwa. "Yaro, wannan fentin na mutumin da kake tsaye a gabansa ne. Ƙaguwarsa ka sato ka gasa masa, ya ci, har ya ce a ƙaro." Ya girgiza kai. "Kuma yau Lahadi. Alcide, ba duk Lahadi ake yi maka ba?"

Tante Eula ta ɗora hannu a ka. "Maryamu uwar Yesu! Har guda uku na cinye!"

Na ga lokacin da abin ya faɗo wa Wendell. Jan fuskarsa ya koma fari. Idonsa ya tafi kan Clovis, ni ma nawa ya tafi. Yayana yana nan jingine da ginshiƙi, sai dai yanzu takalminsa yake kallo, yana ɓare takardar jikin kwalba da farce. A nan na gane komai. Clovis bai yi kuskuren tarko ba, mutumin da tun yana ɗan shekara shida yake taya Baba shafa fentin nan. Ya kai Wendell inda ya saba zuwa ne duk Lahadi, lokacin da muke coci shi yana cewa kansa na ciwo.

Na jira Wendell ya faɗa. Na jira Clovis ya ɗago. Wendell ya sake kallon Clovis, ya kalli Mama da ta riƙe bakin tebur, sai ya sunkuyar da kai.

"Ni kaɗai na fita, Mista Alcide. Ban san naka ba ne. Ka yi haƙuri."

"Wendell!" na ce.

Kafin in ƙara kalma Mama ta damƙi hannuna, farcenta har cikin nama, ta ja ni bayan matakala.

"Rufe mini baki," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Mama, Clovis ne ya kai shi! Ni na roƙe shi ya raka shi! Clovis ne yake..."

"Na ce ki rufe mini baki! Kina tsammani ban san ɗan da na haifa ba?"

Na saki baki ina kallonta. "Kin sani?"

"Miji ana sake samu, Noelie. Ga Dalton nan. Ɗan'uwa fa, a ina za ki sayo wani? Verret yana zaune yana ji. In sunan Clovis ya fita a bakinki, yayanki ya gama ruwa har abada."

Idonta cike da hawaye, amma hannunta bai sassauta ba. Na fizge. Na ce ba komai, Baba na nan. Baba mutum ne mai gaskiya ɗaya, in ya ji ba zai bari a ɗora wa bare laifin da ba nasa ba.

Na same shi ya koma wajen gangar banda shi kaɗai, ya buɗe ƙofarta yana kallon garwashi. Can wajen tebur hayaniya ta kaure, ina jin muryar Mista Verret sama da ta kowa.

"Baba," na ce. "Ka sake duba hoton. Mutum ba ya ɗaga tarko da hannu biyu kuma ya ɗauki kansa hoto. Akwai wani a cikin kwalekwalen."

Bai juyo ba. "Na sani."

"Baba, Clovis ne."

"Na ce na sani. Katakon da yaron nan yake tsaye a kai, ni na buga shi da hannuna a kwalekwalen Clovis."

Na matsa kusa da shi. "To ka je ka faɗa musu mana!"

Sai a lokacin ya juyo. Ban taɓa ganin Baba ya tsufa irin na ranar ba. Hayaƙi ya sa idonsa ja, ko kuma ba hayaƙin ba ne.

"Saurara, 'yar nan. Malamin nan zai koma Houma, in abin ya dame shi ya koma Shreveport. A can wa ya san tarko? Wa ya damu? Dariya ma za su yi. Clovis kuwa a rafin nan zai sayi ƙanƙara, a nan zai sayar da kamu, a nan za a binne shi. Zan yi maganinsa ni da shi, a cikin gida. Amma sunan ɓarawon tarko ba zai kwana a gidan Pitre ba."

"Sai ya kwana a kan Wendell?"

"Shi ya ɗauka da bakinsa. Yaron kirki ne, ban ce ba." Ya rufe ƙofar gangar. "Amma ba zan iya ba shi ke ba bayan wannan. Duk Dulac ta ga hoton."

"Ka ce a ƙaro, Baba. A gaban kowa ka faɗa."

"Na janye."

Ban san lokacin da na juya ba. Wayata ta yi ƙara a aljihu, ban ko taɓa ta ba. Ƙafafuna kawai suka kai ni tsakiyar teburan. Ban ga Wendell ba a cikin taron, ban kuma tsaya nemansa ba, don in na tsaya zuciyata za ta karye. Na ɗauki murfin tukunya na buga a kan tebur, ɓawon ƙaguwa ya watse.

"Ku saurare ni!"

Mama ta ce, "Noelie, kar ki..."

"Wendell bai san fentin kowa ba a garin nan! Ba shi kaɗai ya fita ba. Clovis ne ya kai shi, Clovis ne ya nuna masa tarkon ya ce nasa ne, Clovis ne ya ɗauki hoton. Kuma in ban da yau, Wendell duk Lahadin bana yana Houma, ku tambayi wanda ba ya zuwa coci!"

Kwalbar hannun Clovis ta suɓuce ta tarwatse a kan siminti. Mama ta zauna daɓas a ƙasa, da rigarta mai furanni. Tante Eula, wadda tun da nake ban taɓa ganin bakinta a rufe ba, ta yi tsit. Mista Verret ya tashi, ya goge hannunsa da jarida, ya sa hularsa. Ya kalli Clovis kallo ɗaya.

"Kar in sake ganin kwalekwalenka a mashigina," ya ce, ya wuce.

Clovis ya ɗago ya dube ni. Na zaci zagi zai yi. Cewa kawai ya yi, "Ke kika roƙe ni fa," muryarsa kamar ta ƙaramin yaro.

Baba ya tako a hankali. Ya ɗauki bokitin ruwan ƙanƙara ya sheƙa wa gawayin, da kawa da kifi da komai a kai. Tururi ya turnuƙe ƙarƙashin gidan. A gidanmu ba a taɓa kashe wuta baƙi suna zaune ba, ko ranar da kakana ya rasu.

"Kowa ya tafi gida," ya ce.

Mutane suka fara zamewa, ana jan yara, ba mai kallon wani. Ni ina tsaye da murfin tukunya a hannu. Baba ya ajiye bokitin ya dube ni.

"Har ke."

"Baba, nan ne gidana."

"Da safiyar yau, eh. Ban da yanzu."

Ya hau matakala. Na ji ƙarar makulli.

Ban yi kuka ba a lokacin, kukan ma ya ƙi zuwa. Na ce to, ina da Wendell. Na fita da gudu zuwa bakin titi inda ya ajiye mota, takalmina ɗaya ya fice a hanya ban tsaya ba. Wurin wayam, sai sawun taya a kan tsakuwa. Na waiga hagu, na waiga dama. Motocin dangi ne kawai ke fita ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗaga gilashi.

Sai na tuna wayar da ta yi ƙara tun kafin in ɗauki murfin tukunya. Na ciro ta, hannuna duk barkono. Saƙon Wendell ne.

"Noelie, na tafi. Don Allah kar ki faɗi komai, na riga na ɗauka kuma zan iya. Ba zan iya aurenki a kan rushewar gidanku ba, in kika faɗa ba zan ƙara iya kallon mahaifiyarki ba. Ki zauna da iyayenki. Ki yi mini wannan alfarmar."

Na karanta, na sake karantawa, ina tsaye a gefen titi da takalmi ɗaya. Na kira shi. Wayar ta yi ta ringin har ta katse. Na sake kira, a kashe.

A bayana, can saman gida, na ji Mama ta fasa kuka tana kiran sunan Clovis. Ba wanda ya kira nawa.